Kunyar da Ta Tsare Ɗana a Bakin Inji

Da Allah yana mayar wa bawa rana guda ya sake ta, na san wadda zan roƙa. Wata la'asar ce a zauren gidanmu na Kurfi, aka tambaye ni magana, na san amsarta, na ƙi faɗa. Ɗana na fari ne ya nemi komawa makaranta yana da shekara ashirin da bakwai. Ina son ya koma, wataƙila ma fiye da yadda shi yake so, amma na bari aka hana shi da sunana. Shekara huɗu ya ƙara a bakin injin niƙa saboda shirun nan nawa, kuma a cikinsu ne kunnensa na hagu ya mutu.

Ba zan rubuta sunansa ba. Ban taɓa kiransa da bakina ba, alƙalamin ma ya ƙi. Haka muka taso muka tarar: uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya yabonsa, ba ya tsaya masa. In ya yi laifi wani ne zai tsawata masa, in ya yi abin kirki wani ne zai sa masa albarka. Kunya ke nan, kuma da ita ake auna mutum. In ya zama dole in kira shi sai in ce "kai," in ba ya nan in ce "yaron nan." Har ya yi gemu ina ce masa yaron nan. Uwarsa ta fi ni tsanani, ita ko inuwarsa ba ta son a kama ta tana kallo.

Abin bai cutar da shi ba yana ƙarami, domin yana da baki. Mahaifiyata ce bakinsa. Tun da aka yaye shi ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. In yana son abu ita yake gaya wa, ita kuma ta tako da sandarta ta tsaya a ƙofar ɗakina ta ce, "Maigidana takalminshi ya tsinke. Ko sai na sai da akuyata?" In ce, "Inna, a bar akuya." Gobe takalmi ya zo, ba wanda ya ce ni na saya. Ita ta matsa aka sa shi boko, ita ta matsa aka bar shi ya yi sakandare. Ni nawa biyayya, ina yi ina jin daɗi a ɓoye.

Na ce ina jin daɗi, domin ni ma na ɗanɗana. Aji bakwai na firamare na gama. Hedimastanmu ya tako har gida ya ce a bar ni in ci gaba, mahaifina ya ce gona ba ta jira. Ban ja ba, ba a ja a lokacin. Abin da ya rage mini shi ne karatun jarida, da rubuta wa mutane wasiƙa, da wani ƙaiƙayi a rai duk sanda malamin makaranta ya wuce ni da alli a hannun riga. Da mahaifinmu ya rasu, ni da ƙanena ba mu raba gado ba. Muka ci gaba da gandu, gona ɗaya, rumbu ɗaya, ni ne babba. Daga baya muka sayi injin niƙa muka kafa a bakin kasuwa. Ƙanena ya kama noman rani a Zobe shi da 'ya'yansa biyu, suna tumatir da albasa, kula da injin ya faɗo kaina.

Yaron nan ya gama sakandare daidai lokacin da bayana ya fara ciwo. Na aika masa ta bakin baffansa, wato ƙanen nawa, cewa ya riƙa zama a inji kafin sakamako ya fito. Sakamako ya fito, Turanci da lissafi sun kayar da shi. Ba wanda ya sake tayar da maganar. Zaman kafin sakamako ya zama shekara tara. A ciki aka yi masa aure, aka yi masa haihuwa biyu.

Wanda bai taɓa wuni a rumfar niƙa ba ba zai san irin gajiyarta ba. Da hantsi ka tayar da inji da handil, in ya yi gardama ya fizge maka kafaɗa. Daga nan ƙara ce har magariba. Ba a hira, sai nuni da hannu: wannan gero ne na fura, wannan dawa ce ta tuwo, wannan a maimaita bai yi laushi ba. Ka zuba, ka tura da sanda, ka tare a kwano, ka ɗauki na gaba. Kwanukan jiya su ne na yau. Gari ya hau gira, ya shiga hanci, mutum ya koma gida fari fat kamar an tono shi. In an kashe injin ma ƙarar ba ta tafiya, tana nan cikin kai har a sallar isha'i. Na yi na sani. Aikin halal ne, ya ciyar da gida, amma wanda ya shekara goma a kansa da wanda ya yi mako guda iliminsu ɗaya.

Bai taɓa ƙorafi ba, ko in ya yi bai iso ni ba. Wata rana bel ya tsinke, ya tafi neman wani, na leƙa rumfar in duba mai. A bayan duro na tarar da leda, cikinta littafin lissafi da na Turanci da tsofaffin takardun jarabawa. Gari ya shiga tsakanin shafuka. Ya yi rubutu da fensir a gefe-gefe, wani wurin ya goge har takarda ta huje. Na daɗe ina jujjuyawa. Na hure garin, na mayar da su yadda na same su, har ƙullin ledar sai da na kwaikwaya. Ranar malmala biyu na ci, uwarsa tana mamaki. Ban gaya mata dalili ba.

Ya sake zana jarabawar ba tare da sanin kowa ba, ya ci. Ya nemi gurbi a kwalejin horar da malamai a Dutsin-Ma, aka ba shi. Duk wannan daga baya na ji. Amma kafin takardar ta zo, Inna ta rasu da damina. Na yi kukan uwa, ban lura cewa shi rashin da ya yi ya wuce na kaka ba. Ba shi da sauran mai tsayawa a ƙofar ɗakina.

Sai ya je wurin baffansa. Ƙanena ya zo daga Zobe ranar Juma'a, bayan la'asar muka zauna a zaure tare da dattawa biyu na unguwa da suka saba zama da mu. A gabansu ya buɗe maganar. Har yau wani lokaci raina yana raya mini da gangan ya yi, amma ba ni da hujja, kuma ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa.

"Yaya, ɗanka ya same ni da magana. Wai boko zai koma."

Ɗaya daga cikin dattawan ya yi dariya. "Da 'ya'ya biyu? Su tahi tare mana, a sai masu jaka ɗaya."

"Ba abin hannu yake nema ba," in ji ƙanena. "Ya ce gyaɗar gayaunarshi, 'yar gonar da aka ware mashi, ta ishe shi. Izini yake so, da wanda zai riƙe inji. To ni ka san yarana biyu ne, ga dashen tumatir ya kama. In na cire ɗaya, rabin fadama ta tahi. Amma kai ne babba. Abin da ka ce shi za a yi."

Suka zuba mini ido. Amsar tana kan harshena: ya tafi, ni zan koma injin, da bayan nan da ciwonsa. Amma in na faɗa, na tsaya wa ɗan fari a gaban mutane. Kuma za a ce na cire nawa daga wahala na kai shi inuwa, na bar 'ya'yan ƙanena cikin taɓo a Zobe. Na sunkuyar da kai ina jan carbi, na faɗi abin da ubana zai faɗa, abin da kowane mai kunya zai faɗa.

"Ɗanku ne. Ni ba ni da ta cewa."

Dattawan suka gyaɗa kai. Ɗaya ya ce, "Madalla da ɗan halak." Na ji daɗin yabon, wannan ma dole in faɗa. A zuciyata ina cewa ƙanena ya san ni, zai gane. Ai haka muke yi da Inna, in na ce ba ni da ta cewa sai ta ce to ita tana da ita. Na manta Inna ba ta da tumatir a Zobe.

Saƙon da ƙanena ya kai wa yaron nan gajere ne: babanka bai ce ka tafi ba. Bai kuwa yi ƙarya ba.

Saura mako uku a rufe rajista. Wannan ne ya fi yi mini nauyi, domin la'asar guda ana iya ce mata tuntuɓe, mako uku kuwa mutum yana sane. Kullum da safe yana zuwa ya durƙusa a ƙofar ɗakina ya ce, "Baba, ina kwana," in ce, "Lahiya," ina kallon wani wuri. Yakan ɗan yi jinkiri kafin ya tashi. Na san abin da yake jira.

A mako na biyu dutsen injin ya dakushe, wato faifan ƙarfen da ke niƙa, sai an kai shi Dutsin-Ma an wasa. Ni ma ina da ganin likita saboda baya. Ba a sami mota da wuri ba, aka ce ya ɗauke ni a babur. Ban taɓa hawa bayansa ba sai ranar. Dutsen yana ɗaure a bayana, ni a tsakiya, na rasa inda zan sa hannu, na kama ƙarfen gefe. Muka wuce Birchi. Ina kallon ƙeyarsa, da garin da wanka ya kasa fitarwa daga kunnensa. Babu dattawa, babu ƙanena, daga mu sai kwalta. Da a ce na matso da bakina na ce "ka tafi," da ba mai ji sai shi da Allah.

Da muka shiga Dutsin-Ma bai miƙe kasuwa ba. Ya zaga ta gaban kwalejin. Ɗalibai suna shiga suna fita da takardu a hannu, cikinsu har da waɗanda suka girme shi. Ya rage gudu har babur ya fara tangaɗi. Bai waiwayo ba. Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Abin da ya fito shi ne:

"Kai, kula da rami."

Ya ce, "To, Baba." Ya ƙara wuta.

Bayan nan ledar ta ɓace daga bayan duro. Na duba sau da yawa. Ya ci gaba da zuwa gaisuwa, amma ya daina jinkirin nan. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo. Ba abin da zan iya tunawa na shekarun sai ƙarar inji daga bakin kasuwa, wadda nake ji har zaure in iska ta juyo. A shekara ta uku, bayan sallar azahar, na tsaya ta hagunsa a ƙofar masallaci na ce "kai" sau uku bai juyo ba. Na ɗauka fushi ne, har na ji wani sanyi a raina, don na san na cancanta. Ashe bai ji ba ne. Matarsa ce ta gaya wa uwarsa, uwarsa ta gaya mini tana kallon bango: likita ya ce ƙarar inji ce, na hagu ba zai dawo ba, a kiyaye na dama. Na ce Allah ya sauwaƙe. Na sake yin shiru shekara guda, don wanda ya yi shiru shekara uku ya fi jin nauyin buɗe baki.

Ina da wani aboki Bafulatani daga wajen Ɗantutture, tsarana ne, mai tsokana. Ranar kasuwa yakan kawo gero niƙa ya biyo mu gaisa. Wata rana ya same ni ni kaɗai a zaure.

"Kaɗo," ya ce, haka yake kirana, "ɗanka ya zama kurma. Na yi mashi sallama ta hagu, sai da na zagaye shi kamar rumbu."

Na ce, "Ƙaddara ce."

"Ƙaddara mai handil." Ya jingine sandarsa ya zauna. "An ce ya taɓa samun makaranta ka hana."

"Ban hana ba. Kunya na yi."

Ya dube ni. "Mu muka ba ku aron kunyar nan, kuka riƙe ta fiye da masu ita. Ni ɗan farina ban taɓa kiran sunanshi ba, har gobe. Ran da na ji yana son barin kiwo ya koyi gyaran waya, ka san abin da na ce mashi? Ban ce komai ba. Da asuba na ɗauki sandarshi na kora shanun da kaina. Ya fito ya tarar ba shanu ba sanda. Ya gane. Kai hannu ne ba ka da shi, ko handil ɗin ma kunyarshi kake ji?"

Na yi dariya don kada ya ga fuskata. Da ya tafi na zauna ina juya maganar. Kunyar da na fake da ita ba ta taɓa hana ni ɗaga hannu ba. Ni da na iya sayen takalmi ba tare da an san ni na saya ba, na san wannan hanyar tun da daɗewa. Abin da ya tsare ni shi ne madallar dattawa biyu, da tsoron abin da za a ce, da kuma, in za a faɗi gaskiya, ciwon baya da ba na son ya koma rumfa.

Washegari na riga yaron nan zuwa rumfar niƙa. Handil ya yi mini gardama sau huɗu, na biyar injin ya kama. Ina cikin tura kwano na uku ya iso, ya tsaya a bakin rumfa. Ya matso ya miƙa hannu zai karɓi sandar turawa. Ban ba shi ba. A rumfar niƙa dama ba a magana, sai nuni. Na ɗaga hannu na nuna masa kudu, hanyar Dutsin-Ma, na kaɗa yatsu kamar yadda ake sallamar wanda aka gama wa niƙa. Ya tsaya yana kallona. Na sake nunawa, na mayar da kaina kan kwano. Da na ɗago ya tafi. Ya dawo da azahar zai karɓe ni, na sake korarsa. Sai a kwana na uku ya daina zuwa.

Gurbin karatun bai zo masa da sauƙi kamar na farko ba. Sai da ya sake nema, ya jira watanni. 'Ya'yansa sun zama huɗu, karatun kullum ba zai yiwu ba, sai na ƙarshen mako da hutu, sauran kwanaki yana gona. Hanyar ma ta canza, ta zama ta tsoro, ba a bari yamma ta yi wa mutum a kanta, uwarsa ba ta iya cin abinci sai ta ji ƙarar babur ɗinsa. Yana da shekara talatin da ɗaya ya zauna a aji da sa'o'in ƙannensa. An ce mini a benci na gaba yake zama, ya karkata kai ya ba malami kunnen dama, kuma ɗaliban suna ce masa Dattijo. Ni kuma na niƙa abin da na niƙa har ya gama, daga nan baya ya kwantar da ni, muka ba da hayar injin.

Yanzu yana koyarwa a wata firamare ta ƙauye. Albashin ba wani abu ba ne, kuma yana dawowa a gajiye, sai dai gajiyar ba irin waccan ba ce. Wanda ya taɓa wucewa ta tagar ajinsa ya ce mini yara sun san shi, mai tambaya yakan zagayo ta damansa.

Ba mu taɓa maganar ba. Ban sani ba ko ya san tun farko ina so ya tafi, ko yana ganin na hana ne daga baya na yi nadama. Ban san wanne ya fi sauƙin yafewa ba. Ranar Juma'ar da ta wuce ya zo ya durƙusa, na shirya kalmomina tun safe, na ce yau sai na faɗa. Na dube shi, furfura ta fara fito masa a gemu. Na ce, "Yaya hanya?" Ya ce, "Lahiya lau, Baba." Shi ya sa na ɗauko alƙalamin nan da na daɗe ina rubuta wa wasu wasiƙa da shi. Ya iya karatu fiye da ni, in takardar ta kai hannunsa zai gane kansa ba sai da suna ba.

Roƙona ga wanda ya karanta, musamman uba irina, guda ne. Ban ce a zubar da kunya ba, da ita zan shiga kabari. Amma in ɗanka ya gaji da inda yake, ya ɗago kai yana neman komawa karatu, kada ka ce ba ka da ta cewa alhali kana da ita, kada kuma ka bar wa wani amsar. In bakinka ya yi nauyi, tashi da sassafe ka riga shi zuwa wurin aikin. Don Allah kada ku yi jinkirin da na yi.